Yadda Za Ka Yi Idan Ƙaramin Karenka Ya Faɗi Yana Jijjiga

Wata ranar Afrilu bayan la'asar, lokacin da katanga ke amayar da zafin da ta sha tun safe, karen gadin da nake kiwo a unguwar Mabera a Sakkwato ya taso daga gindin dogon yaro zai sha ruwa, sai ya tsaya cak kamar wanda aka kira, ya kife ta gefe ɗaya. Ƙafafunsa huɗu suka miƙe suka sandare, wuyansa ya lanƙwashe baya, sannan ya shiga shure-shure kamar mai gudu a kwance, haƙora suna karo da juna, kumfa tana fita, fitsari ya jiƙa ƙasa. Sunansa Duna, watansa 14 a lokacin. Ihun yara ya tara maƙwabta, wani dattijo da muke katanga ɗaya ya shigo riƙe da taɓarya yana cewa, "Malam, karen ga ya haukace, a gama da shi tun bai ciji yara ba." Na ce, "Baba, a dakata tukuna, an yi masa allurar hauka, katinsa yana ɗaki." Kafin mu gama wannan magana jikin karen ya saki, ya kwanta yana haki, bayan kamar rabin awa kuma ya tashi yana neman abinci.

Abin da ya same shi jijjiga ce, wato rikici na ɗan lokaci a cikin ƙwaƙwalwa, inda ƙwayoyin jijiya masu aika saƙo sukan tashi gaba ɗaya ba bisa tsari ba, kamar yadda wutar lantarki kan zo da ƙarfi fiye da ƙima ta hargitsa kayan gida. Jijjiga alama ce, kuma abubuwa da yawa suna kawo ta. Likitocin dabbobi ba sa kiranta farfaɗiya sai ta auku aƙalla sau 2, da tazarar fiye da awa 24 a tsakani, ba tare da guba ko wata matsalar jini ta haddasa ta ba. Aikin mai kare shi ne ya tsare ran dabbar da lafiyar mutanen gida a mintunan farko, sannan ya tara bayanin da likita zai gane da wace iri ake fama.

Lokacin da abin yake faruwa

Mataki na farko shi ne ka dubi agogon wayarka ka riƙe lokacin da abin ya fara. Wanda yake kallon jijjiga yakan ɗauki minti ɗaya a matsayin goma, alhali yawancinta ba ta wuce minti 1 zuwa 2, kuma tsawonta shi ne zai nuna ko a jira ko a ruga asibiti. Idan da wani babba a kusa, ka ba shi wayar ya ɗauki bidiyo tun daga kai har ƙafa, domin da wuya kare ya faɗi a gaban likita, kuma bidiyo na daƙiƙa 30 ya fi dogon bayani amfani.

Na biyu, ka kori yara, ka kawar da sauran karnuka, saboda kare lafiyayye yakan afka wa ɗan'uwansa idan ya gan shi yana shure-shure. Ka janye duk abin da zai ji masa ciwo: kurfoti mai wuta, bokitin ruwa, kwalabe, ƙarafa. Idan yana bakin rijiya, ko kwata, ko matakala, ka ja shi ta ƙafafun baya zuwa fili. Idan a ɗaure yake, ka kwance sarƙar daga wajen turke kada ta naɗe masa wuya. A kashe rediyo da janareta in suna kusa, a rage hayaniya.

Na uku shi ne mafi wuya a wajen mutanenmu, wato ka janye hannunka. Mun saba idan abu ya faɗi a yi ta ɗura masa wani abu, kuma na ga an ɗura wa kare manja, na ga an ɗura madara, na ji labarin ruwan gishiri da hayaƙin barkono. Dabbar da ba ta cikin hayyacinta ba ta iya haɗiya, saboda haka abin da aka zuba mata huhu yake wucewa, kuma manja a huhu yana iya kashe karen da jijjigar ba ta kashe ba. Kada a cusa cokali ko itace a bakinsa. Kare ba ya haɗiye harshensa, amma muƙamuƙinsa a wannan hali yana iya tsinke yatsan mai shi ba tare da ya san ya yi ba. Kada kuma a danne shi don a tsayar da shure-shuren, ba ya tsayuwa da dannewa. Kukan da wasu karnuka kan yi a lokacin yana ta da hankali, sai dai a babbar jijjiga dabbar ba ta san inda take ba.

Akwai ƙaramar jijjiga da ba ta kayar da kare. Za ka ga gefe ɗaya na fuska yana motsi shi kaɗai, ko yana cizon iska kamar mai kama ƙuda, ko yana tauna babu komai a baki. Ita ma a ɗauke ta a bidiyo a rubuta ta, domin takan zama mafarin babba.

Bayan jiki ya saki

Kare ba ya dawowa daidai nan take. Yakan tashi yana layi, yana karo da bango kamar makaho, yana zagaya tsakar gida, wani lokaci ma bai gane mai shi ba, kuma wannan hali yana ɗaukar mintuna ko awoyi. A nan ne cizon tsoro ya fi aukuwa, don haka ka yi masa magana a hankali daga ɗan nesa, ka bar shi a wuri mai inuwa da shiru. Sai ya iya tsayuwa sosai za a ajiye masa ruwa, daga baya abinci kaɗan, ko da kuwa yana nuna yunwa kamar ya kwana uku bai ci ba.

A Sakkwato dole a ƙara batun zafi. Zafin jikin kare lafiyayye yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗan ɗoriya a ma'aunin Salshiyas, kuma murɗewar tsoka tana ƙara shi da sauri. A watannin Maris zuwa Mayu, da iskar gari kanta take haura digiri 40, doguwar jijjiga tana iya kai jiki matakin haɗari, wanda yake farawa daga wajen digiri 41. Ka ɗebo ruwan randa ka jiƙa masa ciki da hammata da tafin ƙafa, a yi masa fifita ko a kunna fanka. Kada a tsoma shi cikin baho yana cikin maye, kada kuma a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, domin buhun riƙe zafin zai yi. Zafin rana shi kansa yana kawo jijjiga, musamman ga karen da aka kulle a kejin kwano da rana tsaka.

Idan ɗan kwikwiyo ne da bai wuce wata 3 ba, ko irin ƙananan karnukan nan masu gashi, ka zargi faɗuwar sukari a jini. Bayan muƙamuƙi ya daina motsi, ka sa safar roba ko ka naɗe yatsa da leda, ka shafa masa zuma kaɗan a dasashi. Shafawa ake yi, ba a ɗurawa.

Ba a jiran gobe wajen kai kare asibiti idan jijjiga ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, ko ta sake dawowa kafin kare ya farfaɗo, ko ta auku sau 2 cikin awa 24, domin irin wannan tana lalata ƙwaƙwalwa kuma tana kisa. Haka nan idan kwikwiyo ne ɗan ƙasa da wata 6, ko karya mai shayarwa, ko ana zargin guba. A shimfiɗa shi a kan bargo mutum biyu su ɗauka, a sa shi a mota ko Keke Napep inda iska ke shiga, kada a ɗora shi a kan kabu-kabu. A cikin gari akwai Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da asibitin dabbobi na gwamnatin jiha, kuma ya kamata lambar likitan dabbobi ta kasance a wayarka tun ranar da ka kawo kare gida.

Zargin da maƙwabcina ya yi

Ban ga laifin dattijon nan ba. Ciwon haukan kare yana nan a ƙasar nan, idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan babu mai tsira, kuma mahaukacin kare ma yana iya jijjiga yana dalala. Kuskure iri biyu ake yi: ko a kashe kare mai farfaɗiya a banza, ko a yi sakaci da yawun karen da haukan gaske ya kama.

Bambancin yana cikin tafiyar ciwon. Mai farfaɗiya yana lafiya ƙalau kafin ya faɗi, bayan ɗan lokaci kuma ya koma yadda yake, ya ci, ya sha, ya kaɗa wutsiya. Mahaukacin kare ba ya komawa daidai. Halinsa yakan canza kwanaki kafin nan, mai fara'a ya zama mai faɗa ko mai ɓuya, muryar haushinsa ta sauya, ya riƙa cizon itace da ƙarfe, ko muƙamuƙinsa na ƙasa ya saki ya kasa haɗiya, kullum abin yana gaba har ƙafafu su shanye, kuma yawanci yakan mutu cikin kwana 10 da bayyanar alamu.

Saboda haka ka tambayi kanka abu biyu. An yi wa karen allurar rigakafin hauka, wadda ake farawa yana da wata 3 ana sabuntawa duk shekara? Ya taɓa faɗa da baƙon kare ko ya dawo gida da rauni a watannin baya? Idan ba a yi allura ba, ko yana yawo a unguwa, ka ɗauke shi a matsayin abin zargi har likita ya gani: a kulle shi shi kaɗai, a miƙa masa ruwa da abinci daga nesa, kada kowa ya taɓa yawunsa da hannu. Idan ya ciji wani, ko yawun ya taɓa rauni ko ido, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a tafi asibitin mutane a ranar don allurar kariya, karen kuma a tsare shi kwana 10 ana lura da shi. Kashe shi a jefar yana ɓatar da hujjar da za ta nuna ko wanda aka ciza yana cikin haɗari. Ita farfaɗiya kuwa, ta mutum ko ta dabba, ba a ɗaukar ta ta yawu ko kumfa, duk da abin da aka daɗe ana faɗa.

Zagaya gida kafin ka tafi

Idan akwai wanda zai zauna da karen, ka yi minti biyar ka duba gidan, domin guba tana cikin manyan dalilan jijjiga a wajenmu. Ka duba ko an fesa fiya-fiya ko Sniper a ɗaki ko a keji, ko an ajiye shinkafar ɓera a bayan buhunan hatsi, ko an jefo nama ta katanga. Ka tambaya ko wani ya yi wa karen wankan kaska a ranar. Sau da yawa akan sayo ruwan wankan shanu a kasuwar Kara a dama shi da ido, a yi wa kwikwiyo mai kilo 5 wanka da haɗin da aka yi don bijimi. Gubar magungunan ƙwari irin su fiya-fiya tana da alamunta: dalala mai yawa, zawo, amai, karkarwar tsoka da ba ta yankewa, da ƙwayar ido da ta tsuke kamar kan allura. Akwai allurar da ke karya ta, wato atirofin, amma likita ne zai yi ta, kuma a kan lokaci. Idan a fata gubar take, ka sa safar roba ka wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa. Kada ka sa shi amai yana jijjiga ko yana cikin maye. Ka ɗauki kwalbar ko ledar maganin ka tafi da ita.

Magungunan da aka yi da kyakkyawar niyya ma suna cikin lissafi. Allurar ibamektin, ta kashe tsutsa, idan ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa, haka allurar diminazin da ake yi wa shanu saboda sammore, wadda kare ba ya jure ƙari ko maimaicinta. Taramol yana ƙara yiwuwar faɗuwa. Goro da cakulan suna ɗauke da sinadaran da ke ta da jijiyar kare, tsohon batirin mota yana da dalma, da damina kuma kwikwiyon da ya cafki kwaɗo a kusa da fadama yakan yi kumfa sosai.

Shekarun kare suna ba da haske

A ƙasa da wata 6, farfaɗiyar gado ba ita ce abin zargi na farko ba. An fi samun faɗuwar sukari saboda yunwa ko zawo, tsutsar ciki da ta shanye jini har dasashi ya yi fari, da cutar distemfa ga kwikwiyon da ba a yi wa rigakafi ba. Distemfa takan fara da zazzaɓi, kwantsa, majina mai kauri da tari, bayan makonni ta hau ƙwaƙwalwa, sai a ga kare yana tauna iska, ko wata tsoka tana bugawa ba dare ba rana, tafin ƙafa kuma ya yi tauri. Rigakafinta ana fara shi a mako 6 zuwa 8, ana maimaitawa duk bayan mako 3 zuwa 4 har mako 16. Akwai kuma kwikwiyon da aka haifa da jijiyar jini da ta kauce wa hanta, wanda za ka ga ya fi 'yan'uwansa ƙanƙanta kuma yana rikicewa bayan ya ci nama. Karya mai shayarwa a makonnin farko bayan haihuwa tana iya faɗuwa saboda sinadarin kalsiyam ya ragu a jininta.

Daga wata 6 zuwa shekara 6, idan kare yana lafiya tsakanin faɗuwa da faɗuwa, nan ne ake zargin farfaɗiyar da ba a ga dalilinta a zahiri ba, wadda gado yake da hannu a cikinta. An san ta a jinsin Alseshan da Labrado da wasu, amma karen gida da na farauta ma suna yi. Takan zo ne yawanci kare yana hutawa ko barci, cikin dare ko da sassafe.

A wajen likita

Ka tafi da bidiyo, da katin rigakafi, da jerin duk abin da aka ba karen a wata guda, har maganin gargajiya, kada ka ɓoye don kunya. Likita zai duba tafiyarsa da idonsa da yadda jijiyoyi ke amsawa, ya auna sukari da kalsiyam da aikin hanta da ƙoda, ya duba jini saboda cututtukan kaska, ya duba kashi saboda tsutsa. Babu gwajin jini guda da zai ce wannan farfaɗiya ce. Ana kaiwa gare ta ne ta hanyar kore sauran dalilai, don haka idan aka ce maka duk gwaje-gwajen sun fito lafiya, kuɗinka bai tafi a banza ba, sakamakon ke nan.

Faɗuwa ɗaya gajera ba lallai ta sa a fara magani ba. Ana farawa ne idan ta kai sau 2 cikin wata 6, ko an yi doguwa, ko masu zuwa a jere, ko maye bayanta yana tsananta. Maganin da aka fi amfani da shi shi ne fenobabital, sau biyu a rana da tazarar awa 12, kuma gwargwadon nauyin kare ake yanke adadinsa, shi ya sa kwikwiyo mai girma yake bukatar a riƙa auna shi ana gyarawa. Yana ɗaukar kimanin mako 2 kafin ya daidaita a jini. A makonnin farko kare zai yi barci da layi, ya yawaita ci da sha da fitsari, barcin da layin sukan ragu daga baya. Saboda maganin yana aiki ta hanta, ana duba ta kamar duk wata 6. Idan bai wadatar ba akan ƙara da fotasiyam buromaid, wanda yake ɗaukar wata 2 zuwa 3 kafin ya zauna kuma gishirin abinci yana shafar aikinsa, ko lebetirasetam da ake bayarwa sau uku a rana. Ga karen da ke yin doguwar jijjiga, likita yana iya ba ka dayazifam na sakawa ta dubura ya nuna maka yadda ake yi.

Abu biyu nake jan kunne a kai. Kada ka ɗauko maganin farfaɗiyar wani ɗan'uwa ka ba kare, domin irin su kabamazifin da fenitoyin jikin kare yana narkar da su da sauri har ba sa yin aikin kirki. Kada kuma ka tsayar da fenobabital rana ɗaya don ka ga wata uku bai faɗi ba. Yankewa kwatsam yana jawo jijjiga mafi muni, kuma ni kaina na ga haka lokacin da maganin Duna ya ƙare ana gobe Sallah, shagon da nake saya yana rufe, ya faɗi sau uku a dare ɗaya. Ka sani kuma magani ragewa yake yi, ba ya warkarwa, ana ɗaukar an yi nasara idan yawan faɗuwa ya ragu da rabi ko fiye, kuma kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na karnuka masu wannan ciwo ba sa jin magani yadda ake so.

Zaman yau da kullum

Ka sayi ƙaramin littafi ka rataye shi kusa da keji. Duk faɗuwa a rubuta kwanan wata, lokaci, tsawonta, abin da ya ci, da abin da ya faru a ranar, ko an yi baƙi, ko wanka, ko an makara da magani. Da wannan littafin likita zai san ko a ƙara adadi ko a bari. Ka rufe rijiya, ka daina ɗaure shi da gajeriyar sarƙa a kusa da katanga, ka mayar da kejinsa inuwa, ka ninka ruwan shansa da bazara tunda maganin yana ƙara ƙishi. Kada a haɗa shi barbara, ko namiji ko mace, kuma ka sanar da wanda ya sayar maka da shi don ya duba iyayen.

Ni ina ba Duna maganinsa da ƙarfe 6:30 na safe da 6:30 na yamma a cikin ɗan dunƙulen tuwo da romo, ina tsayawa har in ga ya haɗiye, saboda ya iya ɓoye ƙwaya a kumatu ya tofar a bayan randa. Idan zan yi tafiya nakan ƙirga ƙwayoyin kwanakin in ƙulla na kowace rana a leda daban, in bar wa mai gadi tare da lambar likita, sannan akwai ajiyar mako biyu a cikin akwati da ba a taɓawa sai an sayo madadinta.